Yadda za ka yi amfani da kalmar intricate ba tare da ka cakuɗa ta da complicated ba

Ƙanina hula yake sayarwa, irin na ɗinkin hannun nan ƙirar Bama da ake kawo masa daga Maiduguri, ba shi da shago, daga ɗakinsa yake ɗaukar hoto ya zuba a Instagram da sitatus na WhatsApp. Ana saura kwana kaɗan babbar sallah ya samu wata hula da shi kansa ya ce ji yake kamar kar ya sayar, ruwan toka da shuɗi mai duhu, sai ya rubuta a ƙasan hoton wai very complicated design, ya turo min wajen sha ɗayan dare ya ce Yaya don Allah duba min turancin nan kafin in ɗora, akwai wani mutumin Landan da yake ta tambaya. Na ce masa kai Allah ya shirye ka, ai wannan kushe hular ka yi da bakinka. Ya ce kamar yaya, ba complicated ne abin da ya yi wuyar yi ba? Na ce goge ta ka sa intricate. Ya ce to Yaya meye bambancin, ni na duba a waya duka biyun sarƙaƙiya aka ce min.

Kuma wallahi bai yi ƙarya ba, nan matsalar take. In ka nemi fassarar kalmomin nan da Hausa kusan amsa ɗaya za a ba ka, mai sarƙaƙiya, mai rikitarwa, mai wuyar ganewa, shi ya sa mutanenmu da yawa sukan haddace intricate don jarrabawa amma har su gama makaranta ba su taɓa sa ta a jimla ba, in ma sun sa sai ta faɗa inda ba gidanta ba. To bari in bi da kai yadda na bi da shi a daren nan, illa dai shi da saƙon murya na yi masa.

Abu na farko, ajiye ƙamus tukuna ka nemo hula ɗinkin hannu, ko ta babanka ce, ka kawo ta dab da idonka kamar mai neman ƙaya a tafin hannu. Daga nesa zane ɗaya kake gani. Da ka matso sai ka tarar ashe 'yan ƙananan ramuka ne birjik, kowane rami an zagaye bakinsa da zare, wannan layin ya bi ta ƙarƙashin wancan ya fito ya haɗu da wani ya koma, launi ya canza a daidai inda ya kamata ya canza, kuma in da mai ɗinkin ya kuskure rami biyu kawai da zanen gaba ɗaya ya karkace. Wannan abin da idonka ya gani shi ne intricate. Abubuwa uku ne suka taru a ciki: sassan ƙanana ne kuma suna da yawa, sun shiga cikin juna, sannan akwai tsari, wato wani ya zauna ya yi shi da gangan ko kuma halitta ce da Allah ya tsara ta haka kamar saƙar gizo-gizo ko jijiyoyin jikin ganye.

In ɗaya ya faɗi a cikin ukun nan to kalmar ta tashi. Buhun gero ƙwayoyinsa ba sa ƙirguwa amma ba wadda ta shiga cikin wata, zube suke, ba wanda zai ce masa intricate. Ƙulin zaren da yaro ya samu ya yamutsa ya cukurkuɗe, sassan sun shiga juna kam, amma babu tsari, wannan tangled ne sunansa. Babban gini mai hawa goma wanda bangonsa sumul yake kamar allo, girma ne kawai. Amma je ka tsaya gaban tsohon gida a cikin birnin Zariya ko Kano ko unguwar Birni ta Damagaram, irin wanda magina suka yi wa zane a fuskar soro, ka ga dagi ya ƙulle kansa da kansa ka rasa inda layin ya fara da inda ya ƙare, to ga ta nan tsaye a gabanka.

Ni a nawa ganin Hausar da ta fi kusa da ita ba a ƙamus take ba, a bakin maɗinka da mata take. In aka ce rigar nan ta sha aiki, ko lallen amaryar nan ya sha aiki, duk Bahaushe ya san me ake nufi, ba wai an wahala ne kawai ba, ana nufin an zauna an bi shi daki-daki har ya cika ido. Babbar riga mai aska takwas da tambari a baya ta sha aiki. Allon zayyana na mai saukar Alƙur'ani ya sha aiki. To kusan duk inda za ka ce ya sha aiki a kan abin da ake gani da ido, intricate za ta zauna daram.

Asalinta ma abin sha'awa ne, don in ka san shi ba za ka sake manta ta ba. Daga harshen Latin ta fito, intricare, ma'ana a harɗe abu ko a sarƙe shi, ita kuma an gina ta ne daga in, wato ciki, da tricae, wato 'yan ƙananan cikas da rikice-rikicen da suke ɗaure wa mutum ƙafa. Ta shigo Turanci tun ƙarni na 15, kuma a farko ma'anarta ta fi karkata ga abin da ya harɗe ya rikita mutum. Ka ga kenan waɗanda suka fassara ta da sarƙaƙiya ba su yi nisa da gaskiya ba, don mu ma tamu sarƙaƙiyar daga daji aka ɗauko ta, ƙayar nan mai yaɗo da take kama riga ta kama wando, kana ɓamɓare nan tana kama can. Bambancin shi ne tasu kalmar ta daɗe a gari ta waye, ƙayar ta zube saura kyan saƙar, yau galibi yabo ake yi da ita ko kuma bayani ba yabo ba zagi. Tamu kuwa har yanzu da ƙayarta, in ka ce wa mutum maganar nan akwai sarƙaƙiya ai ba albishir ka yi masa ba.

Sai furuci, kuma nan ne kusan kowa yake zamewa har da malamai, ni ma shekara da shekaru intirikeet nake cewa ina jan ƙarshen da ƙarfi kamar mai kiran wani daga nesa. Gaɓa uku ce, kuma nauyin a ta farko yake: IN-tri-kit. Ka daki IN ɗin, sauran biyun ka sake su su gangara da kansu. Wancan ate na ƙarshe kar ya ruɗe ka, ba a buɗe shi, gajeren sauti ne tsakanin kit da kat, irin wanda yake ƙarshen delicate da accurate da private. Sannan harshenmu ba ya son baƙaƙe biyu su haɗu ba wasali a tsakani, shi ya sa bread ya koma burodi, to haka bakinka zai so ya cusa i tsakanin t da r ya ce intiri. A Hausa wannan daidai ne, amma in Turancin kake yi ka matse su wuri ɗaya, tri, kamar a tree sai dai gajere. Dabarar da na ba ƙanina ita ce ya buga tebur da hannu a kan IN sau goma yana faɗa, ya ce Yaya mutanen gida za su ce na samu matsala, na ce ai gara su faɗa a gida.

Intricacy kuma, wato sunan da aka ciro daga intricate, gaɓa huɗu, nauyin bai matsa ba yana nan a farko, IN-tri-ka-si. Mutane da yawa sukan tura shi tsakiya su ce in-TRI-kasi saboda ya fi daɗin faɗa, to masu shirin WAEC ku kula, a takardar oral akwai tambayoyin da ake cewa ka nuna gaɓar da aka danna, irin waɗannan kalmomin ne ake kama mutum da su.

To yanzu ina ake ajiye ta a jimla. Sifa ce, kuma a Turanci sifa gaban suna take zuwa, saboda haka intricate design, intricate pattern, intricate embroidery in aikin zare ne, intricate carving in sassaƙa ce kamar ta jikin turmi ko ƙofa ko ƙwarya. Tunda da wasali ta fara, an ake sa mata ba a ba, an intricate pattern, wannan ƙaramin abu ne amma shi ne farkon abin da mai gyara takarda zai ja wa jan layi. Tana iya zuwa bayan is ma, the design is intricate. In za ka kwatanta biyu more intricate za ka ce, in ta fi duka the most intricate, babu wani intricater, kar ma ka gwada.

Akwai kalmomin da take yawan tafiya da su kamar ƙawaye, in ka riƙe su rabin aikin ya ƙare. Bayan waɗancan na sama akwai details, akwai network, akwai web, akwai system, akwai plot wato zaren labari. Duk wanda ya taɓa karanta bayanin masu yawon buɗe ido a kan fadar Alhambra da ke Granada a Sifaniya, wadda sarakunan Musulmi na Banu Nasr suka gina a ƙarni na 13 da na 14, zai ga kalmar nan tana ta maimaituwa, don bangon wurin cike yake da zanen ganye da taurari da rubutun Larabci, wa la galiba illallah an rubuta shi ba adadi ya shiga cikin zanen har ka rasa ina rubutu ya tsaya ina ado ya fara. Haka in ana bayanin cikin agogon hannu irin na da mai wani, wanda ba batir. Ka taɓa tsayawa wajen mai gyaran agogo a bakin kasuwa ya buɗe bayan irin wannan? Gilashi ɗaya manne a ido, ɗan hantsaki a hannu, ga 'yan ƙafafun ƙarfe masu haƙora wasu ba su kai ƙwayar shinkafa ba, wannan yana juya wancan, wancan yana sakin wani siririn waya da yake numfashi kamar mai rai, sassa sama da ɗari a wurin da bai fi kwabo ba, kuma in atishawa ta kama shi a lokacin to ranar ba shi ba cin abinci da wuri. An intricate mechanism kenan.

Yanzu ga inda rigimar take, ita da complicated da complex. Su ma daga Latin suke kuma asalinsu yana taimakawa, complicated daga plicare ne wato ninkewa, abu an ninke shi an sake ninkewa har ka rasa bakinsa, complex kuma daga plectere wato kitsawa ko saƙawa. Amma abin da ya fi amfani shi ne ka lura da fuskar mai magana. Mai cewa complicated yawanci ya ɗan ɓata rai, ƙorafi yake, abin ya ba shi ciwon kai kuma yana ganin da an so da an sauƙaƙa. Cike fom ɗin neman biza complicated ne. Rigimar fili tsakanin 'yan uba complicated ce. Shi ya sa a Facebook cikin zaɓin halin soyayya da aure akwai It's complicated, kowa ya gane ana nufin abin ba daɗin bayani, a bar kaza cikin gashinta. Ka yi tunanin an rubuta It's intricate a wurin, ai sai a ɗauka soyayyar taku ado aka yi mata da zare.

Mai cewa complex shi kuma fuskarsa ba yabo ba fallasa, malami ne a gaban allo, yana gaya maka abin yana da ɓangarori da yawa da suke shafar juna, tattalin arzikin ƙasa, ƙwaƙwalwar mutum, matsalar tsaro. Bai ce ka matso ka duba ba, girman abin da zurfinsa yake nuna maka. Mai cewa intricate kuwa ya sunkuya ne yana kallo, ido ya ƙanƙance, sau da yawa da ɗan mamaki a ciki. Ita kalmar kusa ce, tana son ƙananan abubuwa.

Shi ya sa na ce wa ƙanina ya kushe hularsa. Bature in ya karanta complicated design abin da zai faɗo masa shi ne zanen ya cika hayaniya, an cusa abubuwa da yawa ba dalili. Intricate design kuwa yana ji ya san hannun gwani ya bi ta wurin, kuma ya san kuɗin ba zai zama na wasa ba. Gwajin da nake yi in na rasa wadda zan ɗauka mai sauƙi ne, sai in tambayi kaina, abin nan in an rage masa sassa zai gyaru ne ko zai lalace? In zai gyaru, kamar layin da ake sa mutum ya bi tebur biyar kafin a buga masa hatimi ɗaya, complicated ne. In zai lalace, kamar ka zare layi uku daga aikin babbar riga, intricate ne. Ba doka ba ce da aka saukar, akwai wuraren da Turawan kansu suke musanya su, za ka ga an intricate problem a littafi kuma ba kuskure ba ne, amma ga mai koyo gwajin nan zai fisshe shi sau tara cikin goma.

Sai 'yar'uwarta intricacy, wadda ni ina ganin ta ma fi amfani ga mai aikin ofis ko ɗan jami'a. Suna ce, ta shigo wajen shekarar 1600, kuma abin da za ka riƙe shi ne galibi a jam'i take zuwa da the a gaba da of a baya: the intricacies of. Ma'anarta lunguna da saƙo-saƙon wani fanni, ƙananan ƙa'idojin da na waje bai san da su ba sai wanda ya daɗe a ciki. The intricacies of the law, the intricacies of Hausa grammar, the intricacies of the onion trade in kana so, don duk wanda ya taɓa sayen albasa a Aliero da nufin ajiya ya san akwai abin da ba a koya a aji.

Misalin da ya fi zaunar min da ita a kai shi ne rabon gado. Daga nesa kowa gani yake ya iya, namiji kashi biyu mace kashi ɗaya, mata tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, shikenan. Sai ranar da aka zauna a zaure aka kira malami. A ce mace ta rasu ba ɗa ba iyaye, ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji rabi ne nasa, su kuma biyun sulusani, kashi biyu cikin uku. To a raba dukiyar gida 6, miji ya ɗauki 3, su su ɗauki 4, ka ga an samu 7 alhali gida 6 ne a ƙasa, dukiya ta ƙare rabo bai ƙare ba. Nan ne malamai suke yin abin da ake kira auli, wanda aka fara aiki da shi zamanin Sayyidina Umar, sai a ɗaga asalin lissafin daga 6 zuwa 7 ragin ya shafi kowa daidai gwargwadon kasonsa. In naira 700,000 ta bari, miji 300,000, kowace 'yar'uwa 200,000. Yanzu ƙara mutum ɗaya a cikin magadan, ko ka ce ɗaya 'yar'uwar uba kawai suka haɗa, lissafin gaba ɗaya ya sake kama wata hanya, wani ya shigo wani ya toshe wani. Wannan shi ne the intricacies of Islamic inheritance, kuma ka lura ba ƙorafi ake ba, tsari ne da kowane zare yake riƙe da ɗan'uwansa. In kuwa magadan ne suka ƙi yarda da juna aka shekara uku ana zuwa kotu ana dawowa, to wannan ɓangaren complicated ne sunansa.

Tilonta ma ana amfani da shi amma da wata 'yar ma'ana daban, the intricacy of the design, wato yadda zanen ya sha aiki, siffar kanta kake nufi ba lungunan ɗaya bayan ɗaya ba. In kana shakka ɗauki jam'in, shi ya fi yawa a bakin mutane.

Intricately ba ta da wahala, bayanau ce, tana zuwa gaban aikatau da aka riga aka yi: intricately carved, intricately woven, intricately decorated. Akwai kuma intricately linked ko connected, abubuwa biyu da suka sarƙe da juna ta hanyoyi da yawa, kamar farashin mai da farashin tumatir a kasuwa. Sai dai kar ka rikita ta da inextricably linked, wannan ya fi ƙarfi, yana nufin ba mai iya raba su ko da me.

Tunda mun taɓo nan, extricate ita ce kishiyarta ta jini, uwa ɗaya uba ɗaya, wancan tricae ɗin ne dai aka sa masa ex wato waje. In intricare shigar da kai cikin sarƙaƙiya ne, extricate fitar da kai ne, a zare mota daga laka, mutum ya zare kansa daga bashi ko daga maganar da ya tsoma baki ba a kira shi ba. Ita aikatau ce, shi ya sa ƙarshenta a buɗe yake, EKS-tri-keit, kuma ina zargin ita ce take jan bakin mutane su ce intrikeit. Intrigue ma danginsu ce, ta biyo ta Italiyanci da Faransanci kafin ta iso, ita ta tafi da ɓangaren ƙulle-ƙulle da makirci irin na fada da siyasa, sannan kuma tana nufin abu ya ja hankalinka. Intrinsic kuwa ba ruwanta da su, kamar fuska ce kawai, ma'anarta abin da yake cikin asalin abu. Na taɓa ganin wani ya rubuta intrinsic embroidery a tallan shadda, na daɗe ina kallon wayar.

Kurakuran da na fi cin karo da su ba su da yawa. Na ɗaya intricated, mutum yana ganin complicated da ed sai ya ɗauka ita ma haka take, a'a intricate a haka ta cika ba a ƙara mata komai. Na biyu sa ta a kan mutum, he is an intricate man, kunnen Bature zai ji wani iri kamar ka ce mutumin saƙa shi aka yi, in mai zurfin ciki kake nufi complex, in mai wuyar sha'ani ne complicated ko difficult. Na uku sa ta a madadin wuya tsagwaronta, jarrabawar ta yi intricate, hanyar Birnin Gwari ta yi intricate, a'a, ɗaukar buhun siminti akwai wuya amma ba wani ƙaramin sashe da ya shiga wani a ciki. Na huɗu kuma ya fi ba ni haushi don na 'yan boko ne, wato cusa ta ko'ina saboda tana da daɗin ji, takarda shafi ɗaya intricate sau biyar, musamman yanzu da ake sa manhajojin nan na waya suna rubuta wa mutane wasiƙa, su kam kamar an yi musu wahayi da ita. Kalma ce mai ɗan nauyi, ta rubutu da magana a natse, ba a cika jin ta a hirar shayi ba, sau ɗaya a inda ta dace ya wadatar.

Masu JAMB, a ɓangaren nearest in meaning in kuka ga intricate ku nemi elaborate ko complex ko detailed a cikin zaɓin, in complicated ce kaɗai a wurin ku ɗauke ta ba komai, jarrabawa mafi kusa take nema ba tagwaye ba. A opposite in meaning kuwa simple ko plain ko straightforward. Ornate tana kusa amma ita ado zalla take nufi, abu zai iya zama intricate ba ado ko ɗaya a jikinsa kamar cikin injin. Convoluted kuma ita ce intricate da ta lalace, bayanin da aka yi ta murɗawa har mai yin sa ya ɓata a ciki.

In kana so ta zauna maka kar ka tsaya a karatu, yau ɗin nan ka zaga gidanku ka nemo abu uku da suka cancance ta ka rubuta jimla ɗaya-ɗaya, faifan da kakarka ta saƙa, kitson ƙanwarka in shuku ne mai ƙananan layi, bayan tsohuwar rediyo in ka kwance ta, sannan ka nemo abu uku da suke complicated ka rubuta su ma, waɗannan kam ba sai ka wahala ba, buɗe saƙonnin bankinka kawai. Ka karanta su da ƙarfi kana dukan IN ɗin. Sai ka ɗauki sana'arka ko karatunka ka yi jimla da the intricacies of, ka lissafo abu biyu da kai ka sani wanda baƙo bai sani ba, in ka kasa lissafowa to ba a kalmar matsalar take ba.

Shi dai ƙanina ya gyara rubutun ya koma intricate hand embroidery, mutumin Landan ya sayi hular har da ƙarin guda biyu, ko kalmar ce ta jawo ko dama ya yi niyya Allah masani, shi dai ya ce kalmar ce. Bayan sati biyu ina duba sitatus ɗinsa sai ga hoton farar hula tashi-ka-fiya-naci, sumul ba ko ɗigon zare a jikinta, a ƙasa an rubuta very intricate design, DM for price. Na kira shi ya ƙi ɗauka, sai ga saƙo, wai Yaya yi haƙuri ina tare da kwastoma.